Jagoran aiki: yadda baƙi masu difloma ke komawa kan sana'arsu a ƙasashen waje

Da yawa cikin ƴan uwanmu da ke Turai da Kanada sun tafi da difloma a hannu, injiniya ne ko akanta ko malamin asibiti, amma sai ka tarar suna tuƙin taksi ko gadi. Sau da yawa ilimin yana nan. Abin da babu shi ne wanda zai nuna musu hanya, domin mai ɗaukar ma'aikata bai san makarantar da suka fito ba, kuma ba su da wanda zai tsaya musu.

Don haka aka ƙirƙiro tsarin jagoranci: a haɗa baƙo da wani ƙwararre ɗan gari, su riƙa ganawa na wasu watanni.

A birnin Toronto na Kanada, ƙungiyar TRIEC ta soma irin wannan shiri a 2004. Tana haɗa baƙo da wanda suke sana'a ɗaya, injiniya da injiniya, akanta da akanta. A Beljik kuwa, inda ƴan Nijar suke da yawa, ƙungiyar DUO for a JOB da aka kafa a Buruksel a 2013 tana haɗa matashi baƙo da dattijon da ya kai shekara 50 ko fiye. Suna zama tare kusan awa 2 kowane sati, har wata 6, kuma kyauta ne.

Me jagoran yake yi? Yana gyara maka CV yadda ake so a ƙasar, ya koya maka amsa tambayoyin ganawar neman aiki, ya gabatar da kai ga abokan sana'arsa, ya faɗa maka al'adun wurin aiki. Sana'o'i kamar likitanci suna buƙatar izini na musamman kafin a fara aiki. Jagora zai nuna maka ƙofar, jarrabawar kuwa taka ce.

A kula: jagora ba ya ba da biza ko takardun zama, ba ya kuma alƙawarin aiki. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunan haka, a yi hattara da shi.

Iyaye a gida, in ɗanku na can yana fama, ku ce ya tambayi ofishin taimakon baƙi na garin da yake. Ku kuma da kuka riga kuka samu gindin zama a waje, ku kama hannun na baya.