Daga Muwaɗɗa Zuwa Dokar Sudan: Babu Yarda Inda Babu Hankali

'Yan'uwa, tun zamanin Imamu Malik malamanmu suka rarrabe zina da fyaɗe. Wadda aka tilasta ba ta da haddi, har sadaki ake karɓo mata daga mai laifin. Haka wadda aka afka wa tana barci, ko an bugar da ita. Dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ta ce wanda ya sha giya da ganin damarsa, mayensa ba uzuri ba ne. Sai dai sashe na 149 ya cakuɗa fyaɗe da zina, mace ta kai ƙara ta koma abar tuhuma. Sai a 2015 aka raba su. To, saura mu nan Managil: in 'yarmu ta zo da kuka, kada mu toshe mata baki. Allah Ya kiyashe mu.