Tarihin Demian Maia, gwanin kokawar jiu-jitsu

Demian Maia, ɗan ƙasar Brazil, yana cikin mutanen da ake fara ambata idan ana maganar yadda kokawar jiu-jitsu ta samu gindin zama a gasar faɗa ta UFC, wadda ake gudanarwa cikin keji, kuma ake haɗa dambe da shuri da kokawa a wasa guda.

Ya shafe kusan shekaru 14 a gasar, daga 2007 zuwa 2021, ya yi nasara sau 22, kuma sau biyu yana neman kambun duniya ba tare da ya samu ba.

Masu sharhi sun fi tunawa da shi ne saboda salonsa na kayar da abokin karawa ƙasa, ya tilasta masa miƙa wuya ba tare da yawan duka ba.

Asalin jiu-jitsu

Kokawar jiu-jitsu ta Brazil ta samo asali ne daga wasan judo na ƙasar Japan.

A shekarar 1914 wani gwanin judo ɗan Japan, Mitsuyo Maeda, ya isa Brazil, inda daga baya ya koyar da Carlos Gracie. Carlos da ƙaninsa Helio da kuma 'ya'yansu su ne suka bunƙasa wasan, suka fi ba da ƙarfi ga abin da ke faruwa bayan an faɗi ƙasa.

A kokawar gargajiya ta ƙasar Hausa, da zarar an kayar da mutum wasa ya ƙare. A jiu-jitsu kuwa, a nan ne aikin yake farawa. Ɗan wasa zai nemi ya danne abokin karawarsa, sannan ya shaƙe shi ko ya murɗe masa hannu ko ƙafa, har sai ya bubbuga hannu alamar ya sallama.

Duniya ta fara lura da wasan ne a watan Nuwamba na 1993, lokacin da Royce Gracie, ɗan Helio, ya lashe gasar UFC ta farko a birnin Denver na Amurka, bayan da ya doke mutanen da suka fi shi girman jiki.

Ƙuruciya da horo

An haifi Demian Maia a birnin Sao Paulo ranar 6 ga watan Nuwamba na 1977.

Tun yana yaro ya taɓa wasan judo, daga baya ya koyi kung fu da karate, amma bai fara jiu-jitsu ba sai da ya kai shekara 19, abin da ake gani kamar an makara ga mai son zama ƙwararre.

A wannan wasa ana gane matsayin ɗalibi ne da launin ɗamarar da yake ɗaurawa. Baligi yakan fara da fara, sai shuɗiya, sai mai ruwan shunayya, sai mai ruwan ƙasa, kafin ya kai ga baƙa.

Galibi akan ɗauki kimanin shekaru 10 kafin a kai ga baƙar ɗamara. Maia ya samu tasa cikin ƙasa da shekaru biyar, daga hannun malaminsa Fabio Gurgel, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Alliance.

A daidai wannan lokaci kuma yana karatun aikin jarida a Sao Paulo, har ya kammala digiri.

A shekarar 2005 ya zo na biyu a ajinsa a gasar ADCC, wadda Sheikh Tahnoun bin Zayed na Abu Dhabi ya kafa a 1998, kuma ake ɗauka a matsayin babbar gasar kokawar miƙa wuya ta duniya. Ya sha kaye ne a wasan ƙarshe a hannun ɗan ƙasarsa Ronaldo Souza.

Shekaru biyu bayan haka, a 2007, ya koma ya lashe gasar a jihar New Jersey ta Amurka.

Shiga UFC

Maia ya shiga UFC a watan Oktoba na 2007 a ajin masu nauyin kilo 84, lokacin babu wanda ya taɓa doke shi a irin wannan faɗa.

Ya ci wasanninsa biyar na farko, dukkansu ta hanyar tilasta wa abokan karawarsa sallamawa. Na biyar ɗin shi ne Chael Sonnen na Amurka, wanda ya shaƙe da ƙafafu a birnin London a watan Fabrairu na 2009.

Sai dai a watan Agusta na wannan shekara Nate Marquardt ya sumar da shi da naushi ɗaya cikin daƙiƙa 21, abin da ya nuna rauninsa a fannin dambe.

A watan Afrilu na 2010 ya samu damar neman kambu a hannun Anderson Silva a Abu Dhabi, a gasar UFC ta farko a yankin Gabas ta Tsakiya, bayan da Vitor Belfort ya janye saboda rauni.

Maia ya kasa kayar da Silva, shi kuma Silva ya shafe wani ɓangare na wasan yana yi masa ba'a yana zagaya keji. Alƙalai sun bai wa Silva nasara, amma ya sha suka daga 'yan kallo da kuma shugaban gasar, Dana White.

Bayan nan Maia ya mai da hankali ga koyon dambe, kuma sakamakon bai yi armashi ba. Ya sha kaye a hannun Mark Munoz a 2011, da Chris Weidman a farkon 2012.

Komawa ga abin da ya sani

A shekarar 2012 ya rage nauyi ya koma ajin kilo 77, ya kuma sake dogaro da kokawa.

Dabararsa a bayyane take ga kowa. Zai matsa mutum jikin keji, ya kama ƙafa ɗaya, ya kai shi ƙasa, ya zagaya bayansa, ya naɗe shi da ƙafafu, sannan ya nemi wuya. Abokan karawarsa sun san abin da zai yi, amma kaɗan ne suka iya hana shi.

Tsakanin 2014 da 2017 ya ci wasanni bakwai a jere. Cikin waɗanda ya doke akwai Neil Magny, da Gunnar Nelson, da Matt Brown, da Jorge Masvidal, da kuma Carlos Condit, wanda ya sallama cikin ƙasa da minti biyu a watan Agusta na 2016.

Ya sha bayyanawa cewa burinsa shi ne ya ci wasa ba tare da ya ji wa abokin karawarsa ciwo ba, abin da ya jawo masa girmamawa a wasan da ake yawan zargi da zubar da jini.

A watan Yuli na 2017, yana da shekara 39, ya sake neman kambu, wannan karo a hannun Tyron Woodley a jihar California. Ya yi yunƙurin kayar da Woodley fiye da sau 20 cikin turmi biyar, ko sau ɗaya bai yi nasara ba, kuma ya sha kaye da maki.

Karawa da Kamaru Usman

Wasan da Woodley ya nuna wa sauran 'yan wasa hanya, wato duk wanda ya ƙware a kokawar tsaye har ya hana Maia kai shi ƙasa, to ya raba shi da babban makaminsa.

Haka Colby Covington ya yi masa a Sao Paulo a watan Oktoba na 2017.

Haka kuma Kamaru Usman, haifaffen garin Auchi na jihar Edo a Najeriya, ya yi masa a birnin Santiago na ƙasar Chile a watan Mayu na 2018, inda dukkan alƙalai suka ba shi nasara bayan turmi biyar. Ƙasa da shekara guda bayan nan Usman ya karɓe kambu daga hannun Woodley.

Ana ganin kamar Maia ya ƙare, sai ya ci wasanni uku a 2019, ciki har da wanda ya shaƙe Ben Askren a Singapore a watan Oktoba, yana dab da cika shekara 42.

Ya sha kaye a hannun Gilbert Burns a birnin Brasilia a watan Maris na 2020, sannan ya yi wasansa na ƙarshe a UFC a watan Yuni na 2021, inda Belal Muhammad, Ba'amurke ɗan asalin Falasɗinu, ya doke shi da maki.

A jimlace ya yi nasara sau 28, ya sha kaye sau 11 a rayuwarsa ta ƙwararren ɗan faɗa. Daga cikin nasarori 22 da ya samu a UFC, 11 sun zo ne ta hanyar sallamawar abokan karawa.

Bayan barin UFC ya ci gaba da koyar da jiu-jitsu, ya kuma koma shiga wasannin kokawa zalla, inda ba a yarda da naushi ko shuri ba.