Zanen Bugu na Japan a Matsayin Madogarar Tarihin Talakawa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda zanen bugu na Japan, wato ukiyo-e, ya taskace rayuwar talakawa a zamanin Edo (1603-1868). Mai zane kan zana hoto, masassaƙi ya sassaƙa shi a allon itace, mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takarda ya murza. Da yake allo ɗaya kan fitar da ɗaruruwan kofe, farashi ya yi sauƙi, talaka ya zama mai saye, rayuwarsa kuma ta zama abin zanawa.

Misali, a 1833-1834 Hiroshige ya fitar da zanen zango 53 na hanyar Tokaido, tsakanin Edo da Kyoto. A ciki akwai 'yan dako, da matafiyan da ruwa ya tsare a Shono, da matan masauki suna fizgar baƙi a Goyu.

Sai dai wajibi ne manazarci ya yi hattara. A zamanin Edo, daga 1790, doka ta hana buga zanen sayarwa sai da hatimin hukuma. Hiroshige kansa ya lulluɓe Kambara da dusar ƙanƙara, alhali da wuya take sauka a can.