Iskandar: Sunan da Mai Shi ya Rinjayi Ma'anarsa

Hausawa kan ce suna linzami ne, wato yana jan mai shi zuwa ga ma'anarsa. Tarihin sunan Iskandar kuwa ya nuna cewa wani lokaci doki ne ke jan linzami.

Asalin sunan daga Girkanci ne, inda ake furta shi Aleksandros. Kalmomi biyu aka haɗa: aleksein, wato karewa ko tunkuɗe cuta, da andros, wato namiji. Ma'anarsa ke nan mai kare mazaje, garkuwar jama'a ranar yaƙi. Suna ne daɗaɗɗe ƙwarai. An tono sigarsa ta mata, Aleksandra, rubuce a kan allon yumɓu a tsohon birnin Mikene na ƙasar Girka. Wajen shekara ta 1280 kafin Miladiyya kuma, Muwatalli na Biyu, sarkin Hittiyawa, ya ƙulla yarjejeniya da wani Alaksandu, sarkin Wilusa, garin da masana da dama ke ganin shi ne Taroya. A cikin Iliyad ta Homa, Faris ɗan sarkin Taroya, wanda ya ɗauke Helen ya jawo wa birninsu halaka, an fi kiransa Aleksandros. Tun daga nan suna da aiki suka fara saɓawa.

Wanda ya mallake sunan shi ne Aleksandros na Uku, sarkin Makidoniya, ɗan Filibus kuma almajirin Aristotil. An haife shi a Fella a 356 kafin Miladiyya, ya hau gadon sarauta yana ɗan shekara 20. A 331 ya karya Dariyus na Uku, sarkin Farisa, a Gaugamela, ya kuma kai ga kogin Indus kafin ya rasu a Babila a 323, yana da shekara 32. Sai dai wannan mai kare mazaje shi ne ya rushe birnin Tebas a 335, ya sayar da mutanensa bayi. Ɗansa ma, Aleksandros na Huɗu, sunan bai kare shi ba, domin Kasanda ya sa an kashe shi tare da mahaifiyarsa Roksana tun yana yaro.

Daga nan sunan ya bi sawun dakarunsa, ya fita daga hannun Girkawa. Yahudawa sun yi sarki Aleksanda Yannai, Rumawa sun yi Seferus Aleksanda (222 zuwa 235 Miladiyya). Larabawa kuwa sun ɗauki "Al" na farkon sunan a matsayin alif da lam, sai ya koma Iskandar, birnin da ya kafa a Masar a 331 ya zama Iskandariya. A Dalhi ta Indiya, Sikandar Lodi ya yi mulki daga 1489 zuwa 1517. A lokacin nan, masu raɗa sunan ba kariya suke nufi ba, nasarar yaƙi suke fata.

Duk da haka tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Turkawan Usmaniyya sun laƙaba wa Jorj Kastiriyoti na Albaniya Iskandar Bey saboda jarumtakarsa, shi kuma ya juya ya kare ƙasarsa daga gare su tun 1443 har rasuwarsa a 1468. A zaurukan karatu na ƙasar Hausa ma, almajiri yakan gamu da sunan a tafsirin Suratul Kahfi, inda wasu malamai suka kira Zulƙarnaini da Iskandar, wasu irin su Ibn Kasir suka ce ba na Makidoniya ba ne. Abin da aka fi tunawa da Zulƙarnaini shi ne katangar da ya gina ta tsare mutane daga Yajuju da Majuju. Ko da malamai sun saɓa kan mutumin, aikin nan ya fi duk yaƙe-yaƙen ɗan Filibus dacewa da ma'anar Aleksandros.