Ta-Kitse da Barebarin Lafiya

A ƙarshen ƙarni na 18 ne Muhammadu Dunama ya ya da zango da jama'arsa a inda garin Lafiya yake a yau. Barebari ne, tushensu Barno, ƙasar gero da rairayi. Suka tarar da ƙasar doya mai doguwar damina, tsakanin Alago da Koro da Gwandara, suka kafa gari, shi ya sa har gobe ake cewa Lafiyar Barebari. Sarauta ta zauna a gidansu, har kan Isa Mustafa Agwai da ya rasu a 2019, da magajinsa Sidi Bage. Harshen ne bai zauna ba. Hausa ta ci kasuwa, ta ci fada, daga baya ta shiga har ɗakin kwana.

Masu rubuta tarihi kan jera sunayen sarakuna su wuce. Ba sa waiwayar matar da ta tashi da burabusko, aka wayi gari tana koyon kirɓa sakwara, ga jikoki ba sa jin yaren da take musu addu'a da shi. Irin wannan rashi ba ya shiga kundin fada. Tatsuniya ce ke ɗaukarsa.

Dubi Ta-Kitse, wadda ake yi wa yara duk inda Hausa ta kai. Sarki ya ƙwace san wata tsohuwa ya yanka, ta roƙi kitsen kawai, ta kai gida ta rufe. Kitse ya zama budurwa. Sarkin ya aure ta bisa sharaɗin ba ta shiga rana, ba ta kusantar wuta. Da ya tafi yaƙi, kishiyoyi suka tilasta mata aikin murhu, ta narke. Kowace kaka da yadda take jan zaren, amma ƙashin bayan labarin ɗaya ne: daga baƙin cikin tsohuwa aka samu yarinyar, daga abinci aka yi jikinta, kuma gidan da aka kai ta bai san irin halittarta ba. A ganina duk wanda ƙaura ko aure ya kai shi inda ake masa kallon bare ya san zafin murhun nan. Babu mai sauraron da ke tsayar da kaka ya ce yaya kitse zai yi magana, domin takan faɗe shi ne da muryar da take faɗin farashin gishirin Keana.

Turawan mulki sun rubuta irin waɗannan labarai. Frank Edgar ya fitar da littattafai uku na tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913. Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'ar Daroro cikin Lardin Nasarawa, lardin da Lafiya take a lokacin, ya buga guda 100 a 1913, ya sa su a ƙarƙashin sunan camfe-camfe. Wannan suna bai yi musu adalci ba. Dubi yadda aka karɓi irinsu a wani wuri: Gabriel García Márquez na Kolombiya, da ya ci kyautar Nobel a 1982, ya ce wurin kakarsa ya koyi faɗin abin al'ajabi ba tare da fuska ta motsa ba. A 1989 Laura Esquivel ta Meziko ta rubuta labarin budurwar da hawayenta ya zuba a ƙullun kek ɗin biki, duk wanda ya ci ya kamu da begen masoyin da ya rasa. Duniya ta kira irin wannan rubutu sabon salo.

Lafiya kuwa ba ta daina karɓar baƙi ba. Ranar 1 ga Oktoba 1996 ta zama babban birnin Jihar Nasarawa, ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Jos. A 2018 rikicin manoma da makiyaya ya tashi ƙauyuka a Awe da Keana da Doma da Obi, mutane suka bar gonakin doya da kaburburan iyayensu, suka raɓa a makarantu da gidajen dangi, wasunsu a cikin Lafiya.