Jinin da ke ceto, da tarihin cutar da ke ɓuya a cikinsa

Kowace damina, daga Agusta zuwa Oktoba, zazzaɓin cizon sauro kan shanye jinin yara, a kwaso su daga Barmu, Affala ko Takanamat zuwa asibitin Tawa. Haka ma mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, da mai ciwon sikila. Sai a ce wa dangi su kawo mai ba da jini. A matsayina na malamin makaranta, ina ganin ya kamata mu san tarihin wannan leda da ake rataya wa 'ya'yanmu.

A 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini, aka rage mutuwar da rashin dacewar jini ke jawowa. Amma ƙwayoyin cuta sun ci gaba da bin jinin ba a sani ba. A 1965 Baruch Blumberg ya gano alamar ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar sida an gano ta a Faris a 1983, gwajinta ya fito a 1985. A Faransa, jinkirin janye gurɓataccen jini ya sa wa ɗaruruwan masu ciwon rashin daskarewar jini cutar, har tsohon firaminista Laurent Fabius ya gurfana gaban kotu a 1999, aka wanke shi. Nijar ta bayyana mai sida na farko a 1987. Nau'in C kuwa sai 1989 aka gano shi.

Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kowace leda kan sida, hanta B da C, da tunjere. To amma wanda ya kamu kwanan nan, gwaji na iya kasa ganin cutar na 'yan kwanaki ko makonni. Ɗan'uwan da aka taso cikin dare kuwa, kunya ba za ta bar shi ya faɗi abin da ya sani game da kansa ba. Shi ya sa jinin mai bayarwa don Allah, wanda ake gwadawa a kai a kai, ya fi aminci.

Ranar 14 ga Yuni, ranar haihuwar Landsteiner, ita ce ranar masu ba da jini ta duniya, kuma tana zuwa gab da damina. Malamai da iyaye, mu je mu bayar tun yaran ba su kwanta ba.