Na'urar Zuƙar Garin Magani da Masu Ciwon Asma a Karkara: Nazari kan Birnin Lalle

Tsakure

Maƙalar ta auna dacewar na'urar zuƙar garin magani da rayuwar masu asma a Birnin Lalle, gundumar Dakoro, jihar Maraɗi. An ɗora hujja a kan yadda na'urar take aiki da kuma yanayin yankin. Matsayar ita ce, na'urar ta dace da babba mai shan maganin kariya kullum, amma ba ta ƙaramin yaro ba ce, kuma ba abin dogaro ba ce idan numfashi ya sarƙe matuƙa.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma, kuma ta yi ajalin 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Birnin Lalle, wanda tarihi ya sani a matsayin tsohon mazaunin Gobirawa, yau gari ne na manoma da makiyaya, kuma abubuwan da ke tayar da ciwon suna nan a kowane gida: ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙaiƙayin gero wajen sussuka da shiƙa, da hayaƙin itace da kara a madafa. Ko sunan ciwon ma yana da rikici, domin kalmar fuka takan haɗa asma da tarin fuka, alhali maganinsu ya sha bamban.

2.0 Yadda na'urar take aiki

Wani nau'in wannan na'ura mai suna Spinhaler ya fito a Ingila a 1967, sannan Turbuhaler ta biyo baya a 1987. Bambancinta da mai feshi, wadda jama'a suka fi sani da Ventoline, shi ne babu iskar da ke turo maganin. Numfashin majinyaci ne ke yin aikin. Maganin gari ne mai laushin gaske, galibi gauraye da sukarin madara, kuma ƙwayar da ta wuce maikiromita 5 ba ta cika isa ƙananan hanyoyin huhu ba, a maƙogwaro take maƙalewa. Sai an ja iska da ƙarfi, aƙalla lita 30 a minti ɗaya a yawancin na'urorin, kafin garin ya wargaje.

Ga tsarin: majinyaci ya ɗana na'urar, ya kau da kai ya fitar da numfashi, ya kama bakinta da leɓe, ya ja da ƙarfi tun daga farko har ƙirji ya cika, ya riƙe kamar daƙiƙa 10. Idan maganin kariya ne irin budesonide, sai ya kurkure baki ya zubar, gudun farin ƙurajen baki da dishewar murya.

3.0 Dacewa da yankin

Ga babba, fa'idar a fili take: ba a buƙatar daidaita danna na'ura da jan numfashi, wanda a nan ne masu amfani da mai feshi suka fi kuskure. Bushewar iskar Dakoro a yawancin shekara ma taimako ce, tun da danshi ne abokin gabar garin. Sai dai damina, daga Yuni zuwa Satumba, tana buƙatar kula. Wurin da matan karkara ke ajiye abin da suke gudun zafi ya ɓata shi, wato gindin randa, shi ne mafi muni ga wannan na'ura, domin gari yakan dunƙule ya ƙi tashi.

Akwai kuma batun kalma, wanda a ganina ya fi kowanne saurin gyaruwa. Idan ma'aikacin lafiya ya ce "shaƙa", Bahaushe hanci yake ji. Kalmar da ta dace ita ce "zuƙa". Haka kuma mutumin da ya saba hura wuta, bakinsa kan yi saurin busawa cikin na'urar, nan take tururin baki ya jiƙa garin. Wasu na'urorin kuma ba a jin ɗanɗanon komai, sai majinyaci ya zaci babu abin da ya fito, ya sake ɗanawa. Batun azumi, da malamai suka saɓa a kai, yana da sauƙi ga mai sha sau biyu a rana: ɗaya da sahur, ɗaya bayan buɗa-baki.

4.0 Inda ta gaza

Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba shi da ƙarfin jan da ake buƙata. Haka tsoho mai raunin huhu, haka wanda aka ɗauko a amalanke yana haki. Waɗannan mai feshi ce tasu, haɗe da mazubin tara feshi. Binciken Heather Zar da abokan aikinta a birnin Kef na Afirka ta Kudu, wanda mujallar Lancet ta buga a 1999, ya nuna gorar roba mai rabin lita tana yin wannan aiki daidai da na kanti.

Saboda haka muna kira ga hukumar lafiya ta gundumar Dakoro da kada ta bar garin magani ya kori mai feshi daga ɗakunan shan magani na karkara, kuma kada a sallami majinyaci da na'ura sai ya zuƙa a gaban ma'aikaci an gani.